Fayawol Ya Toshe Netwok ɗin Cikin Gida Bayan Sabuntawa: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan sun taru ne daga 'yan'uwa masu kula da kwamfutoci a ƙananan otal-otal na Makka da Madina, da ofisoshin masu hidimar alhazai, da shagunan kaya a Jidda. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: an sabunta sabar da ke tsare bakin netwok, wato fayawol, da daddare, gari ya waye firinta ba ta amsawa, kyamarori sun ɓace, Alhaji mai wurin yana ta kiran waya. Yawancin amsoshin sun shafi sabar Linux ce, wato Debian, Ubuntu, Rocky da AlmaLinux. Masu amfani da manhajojin fayawol na pfSense da OPNsense suna da tasu amsar can ƙasa.

Sabar kanta tana shiga intanet lafiya lau, amma kwamfutocin ofis ba sa fita. Yaya aka yi haka?

Hanyar da suke bi ba ɗaya ba ce. Fakitin da aka aiko wa sabar kanta yana shiga ta layin INPUT, wanda ita ta aika yana fita ta OUTPUT, shi kuwa wanda ya taso daga kwamfutar ofis yana son wucewa gaba, ta FORWARD yake ratsawa. Don haka idan ka zauna a gaban sabar ka yi `ping` ya amsa, ba ka gwada komai ba game da mutanen ciki.

Kafin fakitin ciki ya fita ya dawo, sai abubuwa uku sun haɗu. Kanel, wato zuciyar Linux, ya yarda ya tura fakiti daga katin netwok ɗaya zuwa wani. Dokokin FORWARD su bar shi ya wuce. Sannan NAT, mai sauya adireshin ciki da na waje, ya musanya adireshinsa, domin adireshin cikin gida irin su 192.168 da 10 da 172.16 zuwa 172.31 ba sa tafiya a intanet. Ba kasafai sabuntawa ke goge dokokinka ba. Abin da dokokin suka dogara a kansa take taɓawa: sunan kati, ko makunnin turawa, ko injin da ke aiwatar da su. Shi ya sa za ka karanta fayil ɗinka daga sama har ƙasa ka ga babu kuskure, amma babu abin da ke wucewa.

Ta ina zan fara?

Daga kwamfutar da ke kuka, ba daga sabar ba. Duba adireshin da ta samu da `ipconfig` ko `ip addr`. Yi `ping` zuwa adireshin fayawol na ciki. In ya amsa, gwada 8.8.8.8. In wannan ma ya amsa, gwada suna kamar wikipedia.org. Inda amsa ta tsaya, nan matsalar take: rashin adireshi na DHCP ne, rashin isa 8.8.8.8 na turawa ne ko NAT, rashin gane suna na DNS ne.

Daga nan sai ka koma kan sabar ka buɗe tagogi biyu. A ɗaya ka sa `tcpdump -ni enp2s0 icmp` a katin ciki, a ɗayar `tcpdump -ni enp1s0 icmp` a katin waje, ka bar wancan `ping` yana tafiya. Idan fakitin bai bayyana a katin ciki ba, ka bar fayawol ka je ka duba waya da suwici. Idan ya shigo amma bai fita ba, a cikin sabar yake mutuwa. Idan ya fita yana ɗauke da 192.168 ɗinsa, NAT ne ba ya aiki. Idan ya fita da adireshin waje, amsa ta dawo amma ba ta koma ciki ba, dokar da ke karɓar amsoshin haɗin da aka riga aka ƙulla ce babu. Ka lura, `tcpdump` yana ganin fakiti mai shigowa tun kafin dokoki su taɓa shi, ganinsa a katin ciki bai nuna an karɓe shi ba.

In ka tabbatar a ciki yake mutuwa, `iptables -L FORWARD -v -n` zai nuna ma ƙididdigar kowace doka. Wadda lambarta ke hawa yayin gwajin ita ce ke kama shi. A nftables, sabon injin dokoki da ya gaji iptables, akwai abin da ya fi haka: ka sa `meta nftrace set 1` a kan adireshin kwamfutar gwaji, ka kunna `nft monitor trace`, zai gaya maka tebur da layi da dokar da ta yar da fakitin.

Ba zai fi sauƙi in kashe fayawol ɗin gaba ɗaya in ga ko za ta yi ba?

Wannan shi ne abin da kowa ke fara yi, kuma shi ya fi ɓatar da mutane. Na ɗaya, `nft flush ruleset` yana kwashe NAT tare da sauran, kwamfutocin ciki ba za su fita ba ko da babu dokar da ke hana su, sai ka yanke hukuncin cewa ba laifin fayawol ba ne alhali nasa ne. Na biyu, `iptables -F` yana share dokoki amma ba ya canza hukuncin ƙarshe na layi. In hukuncin INPUT DROP ne, ka share dokar da ke barinka shiga ta SSH, ka rufe kanka a waje. Na uku, a otal akwai hotunan fasfo da takardun baƙi a kwamfutar liyafar baƙi, ba wurin barin ƙofa a buɗe ba ne ko na ɗan lokaci.

Abin yi shi ne doka guda ta wucin gadi a saman layi, ga kwamfuta guda: `iptables -I FORWARD 1 -s 192.168.10.25 -j ACCEPT`. In ta fita, ka san dokoki ne. Ka cire ta da zarar ka gama.

`sysctl net.ipv4.ip_forward` ya nuna 0, alhali na tabbata na taɓa mayar da shi 1.

Ka mayar ɗin, amma ina ka rubuta? In a `/etc/sysctl.conf` ne, to Debian 13 da ta fito a watan Agusta 2025 ta daina karanta wannan fayil yayin tashi. Sai ka ƙirƙiri `/etc/sysctl.d/99-turawa.conf` ka sa `net.ipv4.ip_forward=1` a ciki. Wata hanyar ɓacewarsa ita ce tambayar da ake yi maka a tsakiyar sabuntawa, ko a bar fayil ɗinka ko a sa sabo. Mai gaggawa yakan danna na sabo. Nemi fayiloli masu ƙarewa da `.dpkg-old` a Debian da Ubuntu, ko `.rpmsave` a Rocky da AlmaLinux, tsohon rubutunka yana nan.

`sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1` zai dawo da aiki nan take, amma ba ka gama ba sai ka kashe sabar ka kunna ka ga ya zauna.

Dokokina suna cewa eth0 da eth1, amma `ip link` yana nuna enp1s0 da enp2s0. Yana da illa?

Ita ce illar dungurungum. Tun 2013 systemd ya kawo tsarin sanya wa katin netwok suna bisa gurbin da yake a cikin injin, Debian ta ɗauke shi a sabbin girke-girke daga siga ta 9 a 2017. Sabar da aka daɗe ana jan ta daga siga zuwa siga takan riƙe tsohon suna na tsawon shekaru, sai wata sabuntawar ta sauke shi. Ko ƙara sabon kati a injin yana iya sauya lambobin.

Abin takaicin, iptables ba ya cewa uffan in ka ba shi sunan katin da babu. Zai karɓi `-o eth0 -j MASQUERADE` ya ajiye, ƙididdigarsa tana nan a sifili har abada. Na ga irin wannan a wani ƙaramin otal a unguwar Misfala da ke Makka: fayil ɗin dokoki tsaf, kowane layi da bayaninsa, amma duk inda aka ce eth1 babu mai wannan suna a injin, hukuncin FORWARD kuma DROP ne, saboda haka komai yana gangarowa ƙasa ya faɗi. A nftables abin ya rabu biyu. `iifname` yana yin shiru kamar iptables, amma `iif` yana ƙin karɓar sunan da babu, kuma da yake nftables yana loda fayil ne gaba ɗaya ko ya ƙi gaba ɗaya, layi guda zai hana duk dokokin hawa.

Gyara mai sauri shi ne canza sunayen a cikin dokoki, har da na DHCP da DNS, domin su ma suna ɗaure da sunan kati. Gyara mai ɗorewa shi ne fayil ɗin `.link` a `/etc/systemd/network` wanda ke ɗaure adireshin MAC da sunan da ka zaɓa, misali `ciki0` da `waje0`, sannan `update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu. Akwai masu sa `net.ifnames=0` don dawo da eth0. Yana aiki, sai dai a inji mai katuka da yawa eth0 da eth1 suna iya musanya wuri a wani tashin, kuma babu abin da ya fi muni a fayawol kamar ciki ya koma waje.

`iptables -L` ya nuna dokokina daidai, sunayen katuka daidai, duk da haka a toshe. Ko kuma ya nuna babu komai, amma ana toshewa.

Kana kallon littafi ɗaya, kanel yana aiki da biyu. Daga Debian 10 da RHEL 8 (RHEL ne tushen Rocky da AlmaLinux), dukansu na 2019, umarnin `iptables` ya koma rubutawa cikin nftables, tsohon injin kuma yana nan a Debian da Ubuntu da sunan `iptables-legacy`. `iptables -V` zai gaya maka wanda kake magana da shi, a ƙarshen layin za ka ga nf_tables ko legacy. In wani tsohon rubutu yana loda dokoki a tsohon injin, wani abu kuma yana lodawa a sabon, fakiti sai ya tsallake dukansu kafin ya wuce. Duba `iptables-legacy-save` da `nft list ruleset` a jere.

Akwai wata ɗabi'ar nftables da ke ruɗa wanda ya saba da iptables. Teburori da yawa suna iya rataye a kan FORWARD lokaci guda. `accept` a tebur ɗaya ba hukuncin ƙarshe ba ne, fakitin zai ci gaba zuwa na gaba. `Drop` kuwa ko a ina ya same shi, an gama. Wato kana iya buɗe hanya a teburinka, teburin da firewalld, mai sarrafa dokoki a Rocky da AlmaLinux, ko wani abu ya girka ya rufe ta. Haka kuma `/etc/nftables.conf` na Debian yana farawa da `flush ruleset`, in hidimar ta tashi bayan naka rubutun ya gudana, za ta share abin da ya sa.

Shawarata ka zaɓi inji guda ka tsaya a kansa, kuma nftables ɗin ne mai gaba. `iptables-restore-translate -f` yana juya tsohon fayil zuwa sabon salo, amma ka karanta abin da ya fitar, domin layin da ya kasa juyawa yakan bar shi a matsayin sharhi kawai. Komawa tsohon injin da `update-alternatives --config iptables` dabara ce ta fita kunya a ranar, ba wurin zama ba.

Anya ma sabuntawar ce? Wani ya ce mini kashewa da kunnawar ne.

Yana iya yiwuwa da gaskiyarsa. Sabar da ta yi shekara ba a kashe ba takan tara dokokin da aka buga da hannu ba a adana ba, duk suna tafiya a tashin farko. Kwatanta abin da ke `/etc/iptables/rules.v4` da abin da kake tunawa, ka leƙa `history` na root. A firewalld, duk abin da aka sa ba tare da `--permanent` ba haka yake ɓacewa.

Na tashi daga CentOS 7 zuwa Rocky 9 ko AlmaLinux 9, turawa tsakanin ciki da waje ta mutu.

Tashin ya zama dole, tunda CentOS 7 ta daina samun gyaran tsaro ranar 30 ga Yuni 2024. Amma firewalld ɗin da ka tarar ba wanda ka bari ba ne. Daga siga ta 1.0 ta 2021, fakitin da ke tsallaka daga yanki zuwa wani yanki ana ƙin sa sai in akwai manufar da ta ba shi izini a fili. Fara da `firewall-cmd --get-active-zones` ka ga kowane kati yana yankinsa, domin katin da sunansa ya canza yakan faɗa `public`. Sannan ka ƙirƙiri manufa da `firewall-cmd --permanent --new-policy ciki-waje`, ka ba ta `--add-ingress-zone internal` da `--add-egress-zone external` da `--set-target ACCEPT`, ka yi `--reload`. Yankin `external` yana zuwa da NAT a kunne. In har yanzu akwai abin da ke faɗuwa, `firewall-cmd --set-log-denied=all` zai sa ya bayyana a `journalctl -k`.

Ina da Docker ko UFW a kan sabar. Suna da hannu?

Sau da yawa. Tun siga ta 1.13 a 2017, Docker yakan mayar da hukuncin FORWARD zuwa DROP idan shi ya kunna turawa. Dokokinka na izini su tafi layin DOCKER-USER. UFW kuma yana da `DEFAULT_FORWARD_POLICY="DROP"` a `/etc/default/ufw`, wanda ke dawowa in an maye fayil ɗin da sabo; `ufw route allow in on ciki0 out on waje0` ya fi buɗe komai. In da hali, kada ka haɗa Docker da fayawol a inji ɗaya.

Kwamfutoci biyu a ofis ɗaya ba sa ganin juna, firinta ma ta ɓace. Fayawol ne?

Duba adireshinsu tukuna. In dukansu 192.168.10 ne a suwici ɗaya, maganarsu ba ta bi ta fayawol ko kaɗan, sai ka nemi laifin a fayawol ɗin Windows na kwamfutar, ko a suwici, ko adireshin da ya canza. Banda guda: in sabar ce ta haɗa katuka biyu a matsayin gada kuma `br_netfilter` ya hau, fakitin gada ma zai bi ta FORWARD.

In kuwa rukuninsu daban ne, kamar yadda aka saba a otal inda liyafar baƙi ke VLAN ɗaya (rukunin da aka ware a cikin suwici), kyamarori wani, wayifai na baƙi wani, to ta fayawol suke bi, kuma duk amsoshin sama sun shafe su. Raba fayil yana bukatar ƙofa ta 445, firinta galibi 9100 ko 631. Nemo firinta da kanta ta mDNS a ƙofa ta 5353 ba ya tsallaka rukuni, ka sa ta da adireshinta kai tsaye. Kuma kada gyaran ya sa ka haɗa wayifai na baƙi da rukunin kwamfutar kuɗi.

Kwamfutocin suna samun adireshi mai farawa da 169.254, ko kuma 8.8.8.8 yana amsawa amma shafuka ba sa buɗewa.

Na farkon yana nufin babu DHCP da ya amsa, kwamfutar ta ƙirƙiro wa kanta adireshi. Yawanci hidimar tana neman tsohon sunan kati ne, koma amsar eth0. Na biyun DNS ne. A Ubuntu, systemd-resolved yana zaune a 127.0.0.53 ƙofa ta 53, yakan hana dnsmasq tashi in shi ma yana son kame ƙofar a ko'ina. `ss -lunp | grep :53` zai nuna wanda ya riƙe ta. Ka tabbatar kuma INPUT yana barin 53 daga ciki, UDP da TCP duka.

Wasu shafuka suna buɗewa, wasu suna maƙalewa. Manhajar fatura ba ta isa ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, na'urar biyan kuɗi da kati ta mada tana yankewa.

In layinka PPPoE ne kuma sabar ce ke kiran layin, fara zargin girman fakiti. Ethernet yana ɗaukar bayit 1500, PPPoE yana cinye 8, saura 1492. Tsohon tsarinka mai yiwuwa yana da dokar da ke rage MSS, wato iyakar bayanan da fakitin TCP guda ke ɗauka, zuwa 1452, ta ɓace wajen ƙaura zuwa nftables. Ƙananan fakitoci suna wucewa, manya suna faɗuwa, shi ya sa haɗin ke ƙulluwa sannan ya daskare. Gwada `ping -M do -s 1464 8.8.8.8`, sannan ka ƙara lambar ka ga inda ya karye. Maganin a layin forward shi ne `tcp flags syn tcp option maxseg size set rt mtu`.

Wannan ba abin jinkiri ba ne ga wanda mataki na biyu na faturar lantarki ya hau kansa, wanda aka fara aiwatarwa rukuni-rukuni tun 1 ga Janairu 2023, domin manhajarsa sai ta yi magana da dandalin Fatoora na ZATCA. Ka duba agogo ma. In an toshe NTP, mai daidaita agogo, a ƙofa ta 123, agogon na'ura ya kauce da yawa, haɗin tsaro yakan ƙi ƙulluwa ko da hanya a buɗe take.

Wayoyin ofis suna ringin amma ba a jin murya, FTP yana shiga amma ba ya jero fayiloli.

SIP, wanda wayoyin ofis ke aiki da shi, da FTP na tura fayil suna buɗe haɗi na biyu a wata ƙofar daban, kanel yana da mataimaka masu gane wannan. Daga kanel 4.7 na 2016 aka daina kunna su kai tsaye, mutane suka riƙa dawo da su da `nf_conntrack_helper=1`, a kanel 6.0 aka cire makunnin baki ɗaya. Wanda ya tashi daga Debian 11 zuwa 12, wato daga 5.10 zuwa 6.1, a nan yake cin karo da shi. Yanzu sai ka naɗa mataimakin da kanka: `iptables -t raw -A PREROUTING -p tcp --dport 21 -j CT --helper ftp`.

Ina da layi biyu, STC da Mobily, ko reshe a Madina ta VPN. Fakiti yana ɓacewa kuma babu dokar da ta ƙirga shi.

Duba `rp_filter`. In yana kan 1, kanel yana yar da duk fakitin da ya shigo ta katin da ba ta nan amsarsa za ta koma ba, tun kafin ya isa FORWARD. Mai layi biyu 2 yake bukata. Kanel yana ɗaukar wanda ya fi girma tsakanin na `all` da na katin. Kunna `log_martians` ka ga waɗanda ake yarwa a `dmesg`. A can ɗin ma za ka ga saƙon `nf_conntrack: table full` in baƙi sun cika otal har teburin haɗi ya cika; wannan `nf_conntrack_max` ake ɗagawa.

Ni pfSense ko OPNsense nake amfani da shi.

Tunanin ɗaya ne, kayan aikin ne daban. Haɗa allo a jikin injin ka ga ko rabon katuka ya rikice, ka sake raba su daga jerin zaɓin da ke kan allon. Sabon kati ko VLAN ba ya barin komai sai ka rubuta masa doka, kuma dokar farko da ta dace ita ke aiki. Tabbatar zaɓin toshe adireshin cikin gida bai hau katin ciki ba. Daga pfSense Plus 24.03 da CE 2.8.0 an koma ɗaure kowane haɗi da katin da ya shigo ta kansa, wanda ke taɓa masu hanyar zuwa daban da ta dawowa. `pfctl -d` ma yana kashe NAT tare da tacewa, gargaɗin da ke amsar kashe fayawol ya hau kansa.

Sabar tana Madina, ni ina Jidda. Yaya zan gyara ban rufe kaina a waje ba?

Kafin ka taɓa komai, adana abin da ke aiki da `nft list ruleset > /root/tsoho.nft`, ka ƙara `flush ruleset` a samansa, ka ba `at now + 10 minutes` umarnin mayar da shi. In sabon ya yi, ka soke da `atrm`. `nft -c -f` yana duba fayil ba tare da lodawa ba, `iptables-apply` kuma yana komawa baya da kansa in ba ka tabbatar ba. Ka samu wani a wurin da zai iya haɗa allo ya karanta maka abin da ya gani ta waya. In babu ko ɗaya, jirgin Haramain ne zai gyara maka, kilomita ɗaruruwa saboda layi guda.

In koma tsohuwar siga ne, kuma yaushe ya dace a sake gwadawa?

In kana da hoton injin na kafin sabuntawa kuma aiki ya tsaya cik, koma, ka yi binciken a kan kwafi. In kanel kaɗai kake zargi, zaɓi tsohon daga jerin GRUB ka gani. Amma janye Debian ko Ubuntu baya fakiti-fakiti ba hanya ce da masu su suka amince da ita ba, kuma yawancin abin da ke sama gyaran layi ɗaya ne ko biyu.

Maganar lokaci kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji ba lokacin taɓa fayawol ɗin otal ba ne, sai dai gyaran tsaro na gaggawa. Jira alhazai su watse. Ga ofis, daren Alhamis ya fi, tunda hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013. Kafin ka fara, kwashe `ip addr`, `ip route`, `sysctl -a`, `nft list ruleset` da `iptables-legacy-save` zuwa fayiloli, ka ajiye su a filashi tare da kwafin `/etc`, ko `config.xml` ga masu pfSense. Bayan sabuntawa ka sake kwashewa ka haɗa su da `diff`, sannan ka je kwamfutar liyafar baƙi ka buga takarda guda, ka ja kati a na'urar mada kafin ka bar wurin.